Turakun Bakin Rafi

Ina 'yar shekara goma a Wurma, Baba ya kafa turaku a bakin rafin gonarmu, ya jibga duwatsu tsakaninsu don ruwa ya daina cin gaɓa. Wata la'asar aka aike ni itace, ƙyuya ta sa na tumɓuke guda uku. Baba ya tsuguna yana shafa gurbinsu.

"Uwata, wa ya cire turakun nan?"

"Shanun maƙwabcinmu Jauro ne, Baba."

Kafin ya gyara, ruwa ya sauko, rafi ya cinye rabin gonar. Har Baba ya rasu bai ƙara gaisawa da Jauro ba. Wayyo! Mijina ma ya tafi ban faɗa masa ba. Allah, ni ce.