Neman Dalma a Unguwar Shanu

Sharhabil ya wurga tukunya ta ƙarshe cikin kurar mai shara, ya koma gida yana haki. Cokula sun tafi, kan famfo ya tafi, har kwaɗon ƙofa sai da ya ɓalle shi don kawai ruwan toka ne. Ya rantse duk abin da ya yi kalar dalma ba zai sake kwana a gidansa ba.

Maƙwabta na cewa ya zautu. Ina! Tsoro ne ya ci shi. 'Yarsa Hauwa'u, wadda ko yaye ta ba a yi ba, ta fara da ƙin abinci, sai amai, sai ranar da ta sandare a hannunsa tana jijjiga. A asibiti aka ce gubar dalma ce a jininta. Likita bai ɓoye masa komai ba: magani zai wanke jinin, amma in ba a gano inda take samun gubar ba, aikin banza ake yi. Kuma in ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta taɓa ke nan.

Tun a ranar Sharhabil ya yanke hukunci. Wa ke da dalma a layinsu in ba Bitrus ba, mai cajin batirin mota a shagon ƙofar gida? Bitrus ɗin da ya kwashe su a babur zuwa asibiti ranar jijjigar, ko takalmi bai tsaya sakawa ba. Ya yi rantsuwa har ya gaji cewa shi bai taɓa fasa batir ba, caji kawai yake yi. Sharhabil ya tara mutane, aka je wajen mai unguwa, mai gidan da suke haya ya ce Bitrus ya ba shi shagonsa. Da Bitrus ya gama loda kayansa a a-kori-kura, sai ya leƙo ya ce, "Allah ya ba ta lafiya, maƙwabci." Sharhabil ko amin bai ce ba.

Bitrus ya daɗe da komawa Rigasa aka sake gwada jinin yarinyar. Gubar ta ƙaru.

Abin ya fi yi wa Sharhabil ciwo fiye da kowa, don a hannunsa yarinyar ta tashi. Matarsa Bara'atu kan yi sammako ta kama motar ofis a Kawo, shi kuwa makarantar da yake koyar da tarihi tana bayan layi. Shi ke wanka, shi ke shafa mai, shi ke shirya ta tsaf yadda marigayiya mahaifiyarsa ta shirya su. Matan gidan har tsokanarsa suke yi, wai "Uwar Hauwa'u". In ya fito da ita kuwa, sai an tsayar da shi a hanya ana masha Allah da idanunta.

Ranar Asabar da hantsi wata jami'ar lafiya ta iso, Malama Magajiya, da wata na'ura kamar bindigar wasan yara. Duk abin da ta ɗora wa bakinta, sai ta nuna ko akwai dalma a ciki. Ta bi bango, ta bi daɓe, ta bi randa da kayan wasa. Ta tsuguna a tsohon shagon Bitrus ta daɗe, sannan ta miƙe tana girgiza kai. Abin da ke wurin bai kai ya kwantar da yaro ba.

Hauwa'u na kuka a kafaɗar Sharhabil, hawayenta na zana layi baƙi-baƙi a farar rigarsa. Ya sa babban yatsa ya share mata kumatu, bai ko duba ba.

"Malama, to daga ina?" in ji shi. "Wallahi babu ko ƙwayar dalma a gidan nan. Duk wani ƙarfe mai ruwan toka na zubar."

"Nan ka yi kuskure, Malam," in ji ta. "Kai dalma tsantsa kake nema, sinadari guda, mai nauyi, mai ruwan toka. In sinadari ya haɗu da wani, sabon abu ake samu, ba ya kama da ko ɗayansu. Gishirin miyarka ma, wani ƙarfe ne mai kamawa da wuta in ya taɓa ruwa, ya haɗu da wata iska mai shaƙe mutum. Su biyun sun bar halinsu. Dalma kuwa takan canza kama, amma in ta shiga jiki tana nan da gubarta."

Bara'atu ta dafe ƙirji. "Innalillahi! To yanzu da wace kama za mu neme ta?"

Malama Magajiya ta fara naɗe wayar na'urarta, ta gaji, tana lissafowa kamar mai karatu. In dalma ta haɗu da iska, takan zama hoda ja ko rawaya, irin ta tsohon fenti. Wata fara ce fat. In ta haɗu da farar wuta kuma, sai ta zama dutse baƙi mai ƙyalli, mai saurin daka, har a kasuwa ana kasa shi.

Sharhabil ya daina jijjiga yarinyar.

"Lafiya, Baban Hauwa'u?" in ji Bara'atu.

Hannunsa ya tafi aljihun gaban rigarsa, wuri guda a gidan da na'urar ba ta leƙa ba. A nan ya ɓoye abin tun farkon ciwon, don kada ƙurar Bitrus ta same shi. Ya fito da shi, ɗan tandun kwallin da yake rambaɗa wa 'yarsa da hannunsa kowace safiya tun ranar suna, wanda ya koma safe da yamma da ta fara ciwo, don a tsare masa ita daga bakin mutane.