Wa'adin Daƙiƙa Talatin

Ƙarfe sha ɗaya saura kwata, kwamfutar ɗakin haɗa labarai ta sake cijewa, rana ta uku ke nan a jere. Labaran rana kuwa sha biyu daidai gidan rediyon ke watsa su.

Injiniya, wadda watanta biyu kacal da kama aiki, ta hure ƙurar da ta taru a kan madannai ta zauna. Aikin kwamfutar ba wani mai wuya ba ne. Wani ɗan shirin kwamfuta ne ke bin muryoyin da wakilai suka turo ɗaya bayan ɗaya, yana miƙa kowace ga wata manhaja ta tace ta, ya jira ta gama, sannan ya ɗauki ta gaba. Yau ya tsaya cak a kan ta bakwai, saura ashirin da uku na layi.

Edita ya leƙo yana fifita da takardun labarai.

"Injiniya, shekara shida abin nan bai taɓa ba mu kunya ba. Ko ke ce bai yi na'am da ke ba?"

"Yallabai, ba ni minti ashirin."

Ta ture kwandon takardu da ya cika ya tumbatsa, ta buɗe shirin tana bin sa layi-layi. Nan ta ga inda gizo ke saƙa. Duk sanda manhajar ta ci karo da muryar da ta lalace, sai ta tsaya tana tambaya ko a wuce, shi kuma shirin ya naɗe hannu yana jiranta. Ba wanda ya gaya masa jira na da iyaka.

Sai ta yanka masa wa'adi. Kowace murya daƙiƙa talatin. In manhajar ba ta gama ba, a kashe ta, a rubuta sunan fayil ɗin a gefe, a ɗauki na gaba. Ta kunna. Ta bakwai ta cije, Injiniya ta zuba wa agogo ido. Talatin na cika, ta takwas ta shigo da gudu. Sha biyu saura biyar Edita ya kwashi labaransa yana rawar kafaɗa a baranda.

Abu ɗaya ne ya hana ta sakat. Tsofaffin bayanan kwamfutar sun nuna kusan kullum sai an sami lalatacciyar murya, shirin ya tsaya na 'yan mintuna, ya kuma wuce da kansa. Ta karanta shirin sau uku, ba ta ga layin da ke yin wannan ba.

Washegari da hantsi ta tarar da ɗakin fes. Iya mai shara, wadda kwana uku ba ta nan, ta dawo daga zaman jegon 'yarta, tana tsaye gaban kwamfutar da tsumma a kafaɗa, ta ɗaga yatsa ɗaya tana jira. Rubutun da ke gudu a fuskar kwamfutar ya tsaya, ya kuma ci gaba kafin ta taɓa komai.

"Ikon Allah! 'Yar nan, ke kika gyara ta?"

"Ni ce, Iya. Me kika gani?"

Iya ta yi dariya har da tafa hannu.

"Allah ya yi miki albarka, kin hutar da ni. Shekara shida kullum in ta yi gardama, ni ke danna mata babban maɓallin nan kafin in wuce ofishin Edita."