Firasar Malam Tamimu

Malam Tamimu ya tsaya a ƙofar kicin, hannuwa a baya, yana kallon 'yarsa Khairiyya tana goga lemon tsami a bakin kofuna, tana dangwala su cikin gishiri.

"Kada ki rage. Haka suka yi a talabijin."

"Na sani, Baba."

Mutumin da ya karantar da fiƙihu a garuruwa huɗu, ko biyar ne, yau fatawarsa ta dawo kan gishirin bakin kofi.

Wani shiri ne ya jawo. Tun da ya zo Riyadh ziyara wurin 'yarsa da mijinta Jibrin, ziyarar ta yi ta miƙewa, ya sami kansa gaban akwatin talabijin. A shirin, wasu Turawa ne da ba su san juna ba, kowa ya gayyaci sauran zuwa gidansa ya ciyar da su, su kuma su koma gefe su ci namansa, su ba shi maki. Da farko Malam ya kira shi makarantar gulma. Daga baya ya ce wajibi ne malami ya san ɓarnar da yake hanawa. Mu tsofaffi ba ma rasa hujja.

Amma liyafar yau ba ta nishaɗi ba ce. Kwanan baya yana karanta wa ɗalibai hadisi a falo, sunan mai ruwaya ya kuɓuce masa, suna da ya riƙe tun kafin gemunsa ya fito. Shakir, babban ɗalibinsa da ke karatu a jami'a, ya cika masa cikin ladabi, kansa a ƙasa. Ladabin ya fi mantuwar ciwo. Bayan haka ya jiyo Jibrin ta bayan labule yana ambaton likita.

Sai ya yanke wa kansa hukunci. Yau Alhamis za a yi zagayen ƙarshe. Zai tara ɗalibai, ya ciyar da su abincin Meziko irin wanda ake ci a shirin, ya faɗi wanda zai ci gasar kafin a sanar. Idan ya canka, firasa na nan, kai ma na nan. Idan ya kuskure, zai naɗe buzunsa, ya daina ba da karatu, ya bi Jibrin asibiti.

Da kansa ya je bakala, ɗan shagon kayan masarufi, a layin Gubaira bayan La'asar. Bai buɗe baki ba mai shagon ya ɗora masa ƙunshin siririyar gurasar masara da fiya uku a kan kanta. Malam ya dawo yana yaba hankalin 'yan kasuwar ƙasar nan.

Khairiyya ma ta ba shi mamaki. Ba ta tambayi kowa ba ta soya niƙaƙƙen nama da wake da barkono, ta dama fiya da albasa, ta naɗe komai cikin gurasar. Taako, wai. Ta markaɗa mangwaro da abarba da na'ana'a, ta cika kofunan. Koktel ɗin Turawan shirin, Allah kaɗai ya san abin da ke ciki. Nasu na halal ne, gishirin kawai suka kwaikwaya.

Bayan Magariba ɗalibai suka iso, kowa ya nufi wurin zamansa. Jibrin ya ɗan taɓa wani abu a bayan talabijin, shirin ya fara.

"Ku ci mana," in ji Malam. "Ba kullum ake samun wannan ba."

"Haka ne, Allah ya gafarta Malam," in ji Shakir, yana tauna kamar mai shan magani.

Mutum biyu suka rage a gasar. Akwai wata mai jan gashi, mai saurin hawaye, wadda wakenta ya ƙone, wani mai sanƙo ya yi mata dariya. Akwai kuma wata tsohuwa marar magana, wadda kek ɗinta ya lotsa a tsakiya, ta kawo shi teburi a haka tana murmushi. Aka yi cacar baki, aka buga ƙofa, wani ya rantse ba zai sake cin abincin kowa ba. Ko talla ba a katse da ita ba, abin da Malam ya ɗauka girmama zagayen ƙarshe ne.

Ya ajiye kofinsa. Zuciyarsa tana wurin mai jan gashi, domin duk wanda aka zalunta a bainar jama'a, mutane kan rama masa. Ya buɗe baki. A kicin, ƙarar cokali ta tsaya.

Sai ya hango tsohuwar a gefen hoto, tana kwashe farantan waɗanda suka zage ta, ba wanda ya sa ta. Wani abu ya motsa a ransa, kamar fuskar da ka taɓa gani a wata tasha.

"Tsohuwar nan," ya ce. "Ita za ta ci."

Shakir ya rufe idanu. Jibrin ya dafe ƙirji. Da aka buɗe ambulan aka kira tsohuwar, falon ya ɗauki kabbara, kai ka ce an ga watan Sallah. Malam ya shafa gemu, ya ce ba komai ba ne, ɗan abin da Allah ya sanar da bawa ne. Ya tashi yin alwala yana takawa kamar ɗan shekara arba'in.

Jibrin ya zare ɗan filashin da aka naɗi shirin a ciki daga bayan talabijin, ya kai wa matarsa kicin. Khairiyya ta share ido da gefen mayafi, ta jefa filashin cikin durowa.

"Allah ya raba mu da taako," ta ce. "Tun bayan Sallar Layya muke sa masa wannan zagayen duk Alhamis, sai yau bai zaɓi mai jan gashi ba."