Sunan Yankan Uwar Biyu

Tun da hukuma ta ɗaura wa kowa munduwa mai magana, kowa da Babban Aikinsa da ƙananan aike-aike. Wanda ya kammala Babban, a zo a tafi da shi cikin girmamawa, ba a ƙara ganinsa.

Na Baba Ɗangoje shi ne ya shayar da wata Tasalla ruwa. Shekara talatin yana kauce wa duk mai sunan, yana ta ƙananan.

"Masu boko duk sun gama sun tafi," yakan ce. "Ni da ko bihim ban sani ba, ga ni!"

Yau munduwa ta aike shi ya raka Uwar Biyu, tsohuwar da ta tare a unguwarsu, zuwa tasha. A hanya tari ya sarƙe ta, ta nuna gorarsa ta ruwa.

Ya ƙanƙame gorar. Sai yanzu ya tuna kunya ta hana shi tambayar sunanta.

"Baiwar Allah, mene ne sunanki na yanka?"

Ta share hawayen tari. "Ka riga ka sani, Malam. Ni ma shekara talatin ina gudun gorar tsofaffi, don nan nawa Babban yake. Na gaji. Miƙo."