Kek Ɗin Gyaɗa

A shagon Madam Pruitt mai girkin biki, a birnin Savannah, Odette ta yi tagumi tana sauraron Wendell, wanda za ta aura, yana tsara abincin liyafarsu.

"Gwaggo Lorraine ba ta cin nama. Maigidana na ofis ba ya shiri da yaji. Kawu Amos kuma hawan jini gare shi, a rage gishiri."

"Kek fa?" in ji Madam Pruitt, tana jera musu yanka-yanka su ɗanɗana.

"Na gyaɗa, irin na Mama. Da shi ake kowane aure a gidanmu."

Odette ta ajiye cokali a hankali. "Wendell, wa ya kai ni asibiti bara da na ci gyaɗa, maƙogwarona ya kumbura?"

Ya sosa ƙeya, ya kau da ido. "Ban manta ba."

Ta so a ce mantawar ya yi.

"To idan aka yanka, aka ce ango ya ba amarya a baki gaban jama'a, me za ka ba ni?"

"Haba, Odette! Ki ɗan buɗe baki a ɗauki hoto kawai, ba sai kin ci ba. Kin san halin Mama."

Ta daɗe tana kallonsa. Gishirin Kawu Amos ya samu mai tsaya masa, numfashinta bai samu ba.

Ta zare zoben baikon da ya sa mata, ta ajiye gefen farantin.

"Madam Pruitt, ki dafa komai yadda ya ce, kowa ya ci ya ƙoshi." Ta rataya jakarta. "Hoton kuma, Wendell, Mama ta buɗe maka baki."