Tulun Mai Amalanke

Tunda ka ce ɗan canjin da kake samu bai isa a ajiye ba, bari in ba ka misali da wani mai amalanke da ya zauna a wani ƙauye can wajen Madawa, ƙasar albasa. Sa ɗaya gare shi, shi ke jan amalanken, shi ke yi masa huɗa da damina. Mutumin nan yana da wata ɗabi'a: duk yammacin da ya dawo gida, kafin ya wanke ƙafa, sai ya kakkaɓe aljihunsa cikin wani babban tulu da ke bayan ƙofar ɗakinsa. Kuɗin takarda na cefane ne, 'yan ƙarafan da suka rage su ne rabon tulu. Ba ya dubawa, ba ya ƙirgawa, ƙarar faɗuwarsu kawai yake ji ya wuce. Haka ya yi shekara goma sha ɗaya, har tulu ya cika zuwa wuya.

Ana saura kamar wata guda ruwa ya sauka, sai san nasa ya ci wani abu a juji, cikinsa ya kumbura, kafin a kira mahauci ya mutu mushe. Ko fatar ba a mora ba. Mai amalanke ya yi baƙin ciki ƙwarai, don sa irin nasa ba ya samuwa ƙasa da jika ɗari biyu, jika kuwa sefa dubu ke nan, dala kuma sefa biyar. Sai ya tuna da tulu. Amma ya yi wa kansa alkawari ba zai fasa shi ba sai ranar da abin ciki zai biya buƙata, saboda haka ya yi dabara irin ta masu awo. Ya ɗebi gwangwanin madara ɗaya daga bakin tulun ya ƙirga, duk jajayen ƙarafa ne, dala-dala da dala biyu-biyu, gaba ɗaya jika ɗaya da rabi. Ya aro wani tulu mai girman nasa, ya cika shi da yashi, ya ga gwangwani arba'in yake ci. Ya buga lissafi a ƙasa da tsinke, jika sittin. Lissafin nan ba kuskure a cikinsa ko ɗaya, kuma shi ya karya masa zuciya. Shekara goma sha ɗaya, ashe kuɗin jaki ya tara. Ya tashi ya tafi wurin wani attajirin albasa, suka shirya zai ba shi jinginar gonar da ya gada wurin mahaifinsa. Kowa a garin ya san gonar da ta shiga hannun mutumin nan ba ta cika dawowa ba, amma aka tsayar da magana, ranar Laraba bayan Azahar attajirin zai zo da shaidu.

Yayarsa, wadda ta yi shekara talatin tana awon gero a kasuwa, ta ji labari ta zo da hantsin ranar Larabar. Mace ce mai faɗa, ba ta iya lallashi ba. Ya nuna mata lissafinsa a ƙasa, yana jira ta tausaya masa. Ta dubi lissafi, ta dubi tulu, ta tambaye shi daga ina ya ɗebi gwangwanin. Ya ce daga sama. Ta ce, “Kai ƙanena, shekara nawa kana ɗauko mini buhuna? Ka taɓa ganin na sayi gero don na ga bakin buhu? Ƙasa nake sokawa.” Bai gama cewa ai ya yi alkawari ba ta ɗauko taɓarya ta ƙwala wa gindin tulun.

Abin da ya zubo fari ne tas. Dala goma-goma, dala ashirin-ashirin, har da manya masu dala ɗari, suka malale a kan tabarma suna gangarawa ƙarƙashin gado. Mai amalanke ya durƙusa yana kallon fararen ƙarafan. Sai a lokacin ya tuna. Jajayen da ke sama na shekaru uku ne na baya-bayan nan, tun da babura masu ƙafa uku suka ƙwace masa lodi, aljihu ya koma ba nauyi. Kafin nan kuwa akwai shekara takwas da albasa ta yi kuɗi, yana sawu biyar a rana zuwa bakin titi, yana watsa farare a tulu bai ko kalle su ba. Wahalar jiya ce ta rufe masa ido, ya auna rayuwarsa duka da ita. Mu ma haka muke yi, ni da kai.

Da attajiri ya iso da shaidunsa biyu, ya tarar ba wurin taka ƙafa a ɗakin. Yayar ta ce tunda Allah ya kawo su, su zauna su taya ƙirga, hannu da yawa ake so. Kunya ta hana su ƙi. Suka yi ta jera ƙarafa kashi-kashi har La'asar ta yi sanyi, aka tashi da jika ɗari biyu da goma sha bakwai. Shaidun da aka ɗauko don su ga gona ta fita, su suka shaida ba inda za ta. Ran kasuwa mai amalanke ya jawo wani bijimi baƙi zuwa gida, da canjin da ya rage kuma ya sayi sabon tulu, ya jefa dala biyar a ciki kafin ya wanke ƙafa.

To ka ji. Ka je ka nemi tulunka, don masu iya magana sun ce da yayyafi kogi kan cika.