Hannun Aro

Kafin magani ya kashe kuturtar Iya Gambo, cutar ta riga ta cinye mata gira, ta ɗauke jin hannuwanta. Ko wuta ta taɓa, sai ta ga ƙuna take sani. Likita ya ce jikinta ne ya karɓi cutar kamar baƙuwa, bai yaƙe ta ba.

Ranar da asibiti ya ba ta safar ji, wata safar hannu mai dawo da ji, ta zura hannu ta wuce kasuwa, tana ta latsa tumatir.

"Iya, saye za ki yi ko wasa?" in ji Sallau mai kayan miya.

"Bar ni in ji, ɗan nan. Ashe haka yake da sanyi! Wai a ina suke samo jin?"

"An ce masu lafiya ke ba da aron nasu."

A hanyar gida ta ji hannu mai ɗumi, irin na jariri, ya damƙe mata yatsa. Ta duba, babu kowa, sai ta tuna maganar Sallau. Ta tsaya a gindin darbejiya, ba ta motsa ba, har sai da ya saki don kansa.